Gidan gwamnati, kayan gida

Jawabin da ɗan takararmu na majalisar dokoki ya yi wa jama'ar Birnin Ƙwanni da kewaye

Ina gaida iyayenmu sarakuna da malamai, ina gaida iyaye mata da suka baro girki suka zo, ina gaida alhazan kasuwa, direbobi, magina, masu walda, da samarin da suka tashi daga fada suka tsaya cikin rana. Allah ya saka da alheri. Yau ba zan zagi kowa ba. Magana ɗaya na zo da ita, ta siminti da bulo da ƙofa da taga, kuma ina roƙon ku saurare ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ku duba gabas. Daga nan zuwa Malbaza ba a yin awa guda a mota. Tun shekarun 1960 ake yin siminti a can, domin Allah ya ajiye mana dutsen farar ƙasa a ƙarƙashin ƙafafunmu, ya kuma ajiye sauran ma'adinan da ake haɗawa da shi a cikin wannan jaha ta Tawa. Tsohuwar masana'antar ƙarfinta tan 40,000 ne a shekara. Sabuwar da aka buɗe a 2019 an gina ta don ta fitar da tan 650,000. Wannan abin farin ciki ne, ba zan ƙi faɗa ba don ina ɗan adawa. Amma ku tambayi kanku: samarinku nawa suka daina tafiya bida saboda wannan arziki? Damina na ƙarewa, tashar mota ta cika, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya, cikinsu har da waɗanda ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Da yawansu aikin gini suke zuwa yi. Suna gina wa wasu ƙasa, tasu kuma ana gina ta da kayan da jirgin ruwa ya kawo daga waje.

To, wa ya fi kowa sayen kayan gini a ƙasar nan? Gwamnati. Ita ke gina azuzuwa, ɗakunan shan magani, barikin soja, gidajen ma'aikata. A 2016 masu mulki sun yi alkawarin gidaje 25,000 na masu ƙaramin ƙarfi cikin shekara biyar, wato 5,000 kowace shekara. Shekara biyar ɗin ta cika, ku da kanku ku fita ku ƙirga. Kun ga bukukuwan 18 ga Disamba da ake zagayawa da su jaha jaha: Doso Sogha a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018. An kashe kuɗi masu yawa, an gina gidajen baƙi da dandali da tituna. Ban ce ba a yi komai ba. Tambayata ita ce, da aka kwashe kujeru aka watse, wane maƙeri ne a Madawa ya ƙara ɗaukar yara biyu aiki saboda odar da ya samu? Wace mai sayar da tuwo ce a bakin ramin bulo ta ce cinikinta ya ɗore?

Bari in ba ku labarin ƙanena, wanda muke uwa ɗaya. Walda yake yi, shekara goma sha. Wani ɗan kwangila da ya samu aikin wasu azuzuwa ya zo ya ce ya yi masa ƙofofi da tagogi. Ƙanena ya ci bashin ƙarfe, ya yi aiki dare da rana da janareta, ya kai kaya. Wata tara yana bin kuɗinsa. In ya je, sai ɗan kwangilar ya ce shi ma baitulmali bai biya shi ba, kuma wataƙila gaskiya yake faɗa. Kafin kuɗin su fito, yaran shagon uku sun tafi bida, mai ƙarfen ya daina ba shi bashi. Yanzu in ka ce masa aikin gwamnati, sai ya ce a kai kasuwa. Na san a cikin wannan taro akwai masu irin wannan labari, ga su can suna gyaɗa kai.

Abin da za mu kai majalisa ke nan in kun tura mu. Duk gidan da za a gina da kuɗin jama'a, ko ta hannun SONUCI, ko da bashin bankin gidaje, ko da kasafin ƙaramar hukuma, a rubuta cikin takardar kwangila tun farko cewa aƙalla rabin kuɗin kayan ginin zai tafi ga abin da aka yi a cikin ƙasa. Siminti, bulo, dutse, tsakuwa, ƙofa, taga, farar ƙasa ta shafe, duk muna iya yi. Wani zai ce dokar ƙasashe masu kuɗin sefa ta hana. Ba ta hana ba. Ƙa'idar UEMOA ta 2005 kan kwangilolin gwamnati ta yarda a fifita kamfanin yankinmu a kan na waje ko da kuɗinsa ya ɗara, muddin bambancin bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba. Ƙofar a buɗe take, masu riƙe da alƙalami ne ba sa son shiga, kuma kun san dalili: odar waje ta fi daɗin ci a ɓoye.

Sai dai rubuta rabi a takarda ba zai wadatar ba, in aka ci gaba da haɗa gidaje ɗari biyar a dunƙule a ba mutum ɗaya na Yamai. Mai walda na Ƙwanni ba shi da takardun banki da zai yi takara da shi. Saboda haka za mu nemi a rarraba aiki: bulo daban, ƙofofi da tagogi daban, dutsen harsashi daban, yadda ƙungiyar magina ko ta masu walda ta gunduma za ta iya ɗauka. A kuma sanar da oda tun shekara guda kafin a fara, a rediyo, da Hausa da sauran harsunanmu, ba a jaridar Faransanci da mutum goma ke karantawa ba. Wanda ya san an yi masa odar bulo dubu ɗari biyu a baɗi, zai iya zuwa banki ya ci bashin injin. Wanda bai sani ba, da me zai je? Batun biya kuwa, wanda ya kai kaya aka karɓa, a biya shi kai tsaye cikin kwana sittin, ba sai ta hannun babban ɗan kwangila ba, in an wuce wa'adi gwamnati ta biya da tara. Da wannan doka tana nan, da yaran ƙanena suna gida.

Yanzu maganar ƙasa, wato laka, don na san nan ne wasunku za su ɓata rai. An sa mana a kai cewa ginin ƙasa na talaka ne, mai arziki sai bulon siminti da kwano. To ku shiga ɗakin kwano a watan Afrilu da azahar, lokacin da zafi ya haura digiri 40, ku faɗa mini wane ne mai arzikin. Iyayenmu ba wawaye ba ne. Masallacin Yama, nan cikin jaharmu, Falke Barmu ya gina shi da ƙasa, kuma a 1986 ya ci kyautar Aga Khan, wadda masu zanen gini na duniya ke rububinta. Tsohon garin Agadas da hasumiyarsa, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2013. A Dandaji, ɗiyarmu Mariam Kamara tare da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da bulon jar ƙasa da aka matse, suka mayar da tsohon ɗakin karatu, kuma maginan yankin ne suka yi aikin. A Cikal, wajen Filinge, tun 1980 aka fara koyar da ginin soro ba azara ba itace, rufin ma da tubali ake lanƙwasa shi. Wanda ya san yadda giginya ta yi ƙaranci da tsadar azara a yau, ya san amfanin wannan.

Na ji wata uwa a baya tana cewa, ambaliyar bana fa? Gaskiyarki, Inna. Ruwan 2020 ya rusa gidaje da yawa, yawancinsu na laka, an yi asarar rayuka, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma ki duba yadda suka faɗi: ruwa ya kwanta a gindin bango, bangon ya jiƙe ya zauna, domin ba harsashin dutse, kuma an yi ginin a kan hanyar ruwa. Bulon da nake magana a kai daban ne. Ana tankaɗe jar ƙasa, a zuba mata siminti kaɗan, kamar kashi biyar zuwa takwas cikin ɗari, a ɗan yayyafa ruwa, a matse a injin hannu, a lulluɓe da leda ya yi mako uku ko huɗu yana ƙarfi. Ba a gasa shi, don haka ba a sare ko icce ɗaya. Injin kansa ƙarfe ne da mariƙi, masu waldarmu za su iya ƙera shi. A ɗora shi bisa harsashin dutse da siminti wanda ya tashi sama da ƙasa, a yi indararo mai kyau, sai ka ga gida mai sanyi da jikoki za su gada. Kuma ba za mu yarda a karɓi bulo don ɗan wane ne ya buga ba. Kowane kaso sai an ɗebi samfuri an gwada ƙarfinsa, wanda ya faɗi a mayar wa mai shi. In muka yi sakaci gida ɗaya ya rufta a kan yara, maganar kayan gida ta mutu shekara ashirin.

Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai abin da ba mu iya yi tukuna. Rodi, gilashi, falankin ƙarfe, wayar lantarki, yawancinsu daga waje za su ci gaba da zuwa. Shi ya sa muka ce rabi, ba mu ce duka ba. Kuma masana'anta na cin wuta, mu kuwa a 2020 wutarmu yawanci daga Najeriya take zuwa, ranar da ta ɗauke mai walda sai ya zauna yana korar ƙuda. Tashar hasken rana ta Malbaza da aka buɗe a 2018 megawat 7 ce kawai. Wannan wata magana ce da za mu yi wata rana.

Alhazaina ƴan kasuwa, da ku direbobin manyan motoci, na san abin da ke ranku. Kuna cewa wannan mutum so yake ya kashe mana cinikin siminti na Sakkwato. A'a, Alhaji. Duk wanda zai gina gidansa da kuɗin aljihunsa, ya sayi na Kalambaina in ya ga dama, ko na Malbaza, babu mai tare shi. Mutanen Illela ƴan uwanmu ne, muna aure da su, muna zuwa jana'izarsu, kasuwarmu ɗaya. Kuɗin lanho da aka karɓa daga hannunku kawai nake magana a kai. Kuma ku tuna, su kansu haka suka yi. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta ce ba za ta ba da izinin shigo da siminti ba sai ga wanda ya fara gina masana'anta a cikin ƙasa. An yi ta ƙorafi a lokacin. Yau su ke sayar mana. Sa'an nan tun watan Agustan 2019 da suka rufe iyaka, ba su nemi shawararmu ba, kun ga motocinku jere a tasha wata da watanni, kun ga yadda farashi ya yi. Da akwai odar dutse da bulo da siminti tsakanin Malbaza da Ƙwanni da Dogon Dutsi da Madawa, da motocin nan suna da abin ɗauka ko iyaka na rufe ko tana buɗe.

Wani malamin makaranta ya tare ni jiya ya ce, in kun tilasta sayen siminti na gida, masana'antar za ta ga ba ta da kishiya, ta ƙara kuɗi. Tambaya ce mai kyau. Amsarmu ita ce fifikon yana da iyaka. In kayan gida suka haura na waje da fiye da kashi 15 ɗin nan, ɗan kwangila na da damar saye inda ya fi sauƙi. Kuma kowace kwangila, da sunan wanda ya samu, da kuɗin buhu da na bulo, a liƙa su a allon ofishin magajin gari, inda kowa zai karanta ko a karanta masa.

Ga abin da nake roƙo. Masu walda, magina, masu buga bulo, masu fasa dutse, kada ku jira zaɓe ya wuce. Ku haɗu ku kafa ƙungiya a kowace unguwa, ku rubuta sunayenku da abin da kuke iya fitarwa a wata, ku yi rajista a ƙaramar hukuma. Matasanmu suna ofishin jam'iyya kowace yamma bayan la'asar, za su taimaka muku da cika takardu, ko kuna tare da mu ko ba ku tare da mu. Wannan jerin sunaye shi zan riƙe a hannu ranar da zan miƙe a majalisa.

Ranar Lahadi 27 ga Disamba 2020, ku fito da wuri da katin zaɓenku, ku taho da iyaye mata da tsofaffi, kuma wakilanmu kada su bar rumfa sai an gama ƙirga an sa hannu.