Shaye-shaye ya shigo ɗakin mata



Shaye-shaye, mun saba ɗora wa samari. To, ya shigo ɗakin 'yan mata.

Ba giya kaɗai ba. Akwai tramol. Akwai maganin tari mai kodin, da ake juyewa cikin kwalbar lemo a sha a gidan biki. A 2018 Najeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi, amma masu saye ba su ƙare ba.

Iyaye mata, da ku nake. Yarinya ta fara barcin rana mai nauyi? Harshenta na sarƙewa? Kuɗin talla ba ya cika? Kada a fara da bulala. Kada a ce aure zai gyara ta, ba ya gyarawa. A zaunar da ita, a ji damuwarta, a kai ta wurin likita tun yau.