Likitan Iyali: Aiki Ɗaya, Albashi Daban



Yau maganarmu kan likitan iyali ce, wanda kake fara gani in ka yanki kati a asibiti. Shi ke duba zazzaɓin yaro, da hawan jinin baba, da ciwon sukarin inna.

Karatun likitocin iyali ɗaya ne a Najeriya, amma albashinsu ya danganta da inda suke. Likitan da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan tsarin albashin tarayya. Abokin karatunsa da ke asibitin jiha kuwa, sai abin da gwamnatin jiharsa ta ga za ta iya, kuma sau da yawa bai kai na tarayya ba.

Sannan ga maganar gari. A Legas da Abuja asibitocin kuɗi sun yi yawa, likita na tashi daga aiki ya je ya ƙara wani. A ƙaramar hukuma mai nisa fa? Shi kaɗai ne. Tun asuba mata sun cika benci da goyo. Tsakar dare a buga masa ƙofa, mai naƙuda ta zo. Ba mai karɓarsa, ba hanyar ƙarin karatu kusa.

To, sai ya nemi aikin tarayya. Daga can sai Saudiyya ko Ingila. Ni kam ban ga laifinsa ba, shi ma yana da bakunan da yake ciyarwa.

Gwamnoninmu, ku daidaita albashin nan da na tarayya, ku ƙara wa likitan karkara alawus da gidan zama.

Sai mun sake haɗuwa. A huta lafiya.