Amanar 'Ya'yanmu Da Wayar Da Ke Hannunsu

 

Abin da aka nemi mu yi magana a kansa shi ne halin da samarinmu da 'yanmatanmu suke ciki game da intanet, da kuma abin da ya hau kanmu mu iyaye. Kamar yadda muka sani, wayar salula ta soma bazuwa a Nijeriya ne a shekarar 2001, wato wanda aka haifa a wannan shekarar, ta yiwu yau shi ma mai iyali ne. Mu da muka tashi kafin nan mun san cewa idan aka yi sallar isha'i, maigida ya rufe ƙofar zaure, to ya san duk wanda ke cikin gidansa. Yau kuwa sai a rufe ƙofa a sa sakata, alhali yaro yana kan gado yana hira da mutumin da ba a san sunansa ba, balle asalinsa.

Ya kamata mu fahimci yadda abin yake aiki, domin wanda bai san cuta ba ba zai san maganinta ba. Su Facebook da Instagram da TikTok ba su karɓar kuɗi daga hannun yaro, da talla suke samun kuɗinsu, kuma gwargwadon daɗewarsa yana kallo gwargwadon ribarsu. Saboda haka na'urarsu tana lissafin inda idonsa ya tsaya, ko da na ɗan lokaci ne, sai ta ƙaro masa irinsa, sannan wanda ya fi shi zafi. To idan yaro ya ce "yanzu zan ajiye" amma ya kasa, ba taurin kai ba ne kawai, da gangan aka gina abin haka. A shekarar 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook mai suna Frances Haugen ta fito da takardun kamfanin, har ta ba da shaida a gaban majalisar dattawan Amurka. Takardun sun nuna cewa binciken kamfanin da kansa ya gano Instagram yana ƙara wa wasu 'yanmata ƙin surar jikinsu.

Akwai wata musiba da muke so mu ɗan tsaya a kanta, don ba a cika faɗarta a majalisu irin wannan ba saboda kunya. Mutum ne zai zo wa yaro da sunan budurwa, ya yaudare shi har ya aika masa da hoton tsiraicinsa. Da zarar hoton ya isa sai murya ta sauya: ko ka turo kuɗi ko in watsa wa 'yan'uwanka da 'yan makarantarku. A shekarar 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Mishigan ta Amurka ya kashe kansa a kan haka, cikin daren da aka yi masa barazanar. Waɗanda suka yi masa wannan aika-aika samari ne biyu, wa da ƙani, daga Legas. An kai su Amurka, a 2024 aka ɗaure kowannensu shekara 17 da wata 6. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 daga Nijeriya saboda wannan sana'a. 'Yan'uwa, ku lura da kyau, ta fuska biyu abin ya shafe mu: ɗanmu yana iya zama wanda aka cuta, yana kuma iya zama macucin, idan muka ga kuɗi a hannunsa muka kau da kai ba mu tambayi inda suka fito ba.

Abin da ke halaka yaro a irin wannan hali shi ne tsoron kada a sani a gida. Don haka wajibi ne tun kafin komai ya faru uba ya zaunar da ɗansa, uwa ta zaunar da 'yarta, a gaya musu baki da baki: duk abin da ya same ka a waya, komai muninsa, ka zo wurina, za mu yi faɗa daga baya amma sai mun fitar da kai tukuna. Kada a biya ko kwabo, don wanda aka biya sau ɗaya zai dawo. Kada a goge saƙonnin, a toshe mutumin, a kai ƙara.

Wasu 'yan'uwa, saboda kishi, suna cewa a ƙwace wayar kawai a huta. Muna girmama niyyarsu amma ba mu tare da su. Tun 2015 jarrabawar JAMB da kwamfuta ake yin ta, kuma a cikin wannan wayar ce ɗalibi yake sauraren tafsiri, yake bitar haddarsa. Sannan wanda aka hana a gida zai ari ta abokinsa a shagon cajin waya, inda babu mai ganinsa. Iyaka ake sa wa, kuma ko waɗanda ba Musulmi ba sun gane haka. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wasannin intanet ga 'yan ƙasa da shekara 18 zuwa awa 3 a mako. Ostireliya kuma ta yi doka a 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a dandalin sada zumunta, ta fara aiki a Disamban 2025. Mu ba sai mun jira gwamnati ta shigo ɗakunanmu ba.

Mafi girman iyaka ita ce ta dare. Likitoci suna cewa matashi yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10, to wanda yake latsa waya har ƙarfe biyu, ina zai tashi sallar asuba, ina zai fahimci karatu da safe? Waya ta riƙa kwana a ɗakin iyaye, ta maza da ta mata. Mun ce ta maza da gangan, domin mun saba tsananta wa 'ya mace mu saki ɗa namiji, alhali caca ta waya da damfara a cikin samari suka fi yawa. Su kansu kamfanonin nan shekara 13 suka sa a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, to kada uba ya ƙara wa ɗansa shekaru da hannunsa. Akwai kuma manhajar Family Link ta Google da ke ba iyaye damar ƙayyade lokaci da abin da za a sauke. Amma a yi shi da sanin yaron, a gaya masa dalili. Bin diddigi a ɓoye, ranar da ya gane, ya daina gaya maka komai ke nan.

Sai kuma mu kanmu. Uban da ake cin tuwo yana kan WhatsApp, yana tura labarin da bai tabbatar ba, da wane baki zai hana? Wanda kuma bai iya wayar ba, kada girma ya hana shi, ya kira yaron a daren yau ya ce, zo ka nuna mini abin da kuke kallo.