Batutuwa Uku Don Taron Ma'aikatan Laburare

Jama'a, tun shekarar 1962 aka kafa Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Nijeriya, kuma tana yin babban taro kowace shekara. Ga batutuwa uku da ya kamata mahalarta su tattauna game da sashen amsa tambayoyi, wato inda ake nemo wa mai tambaya bayani daga cikin littattafai.

Na farko, manomin Kwaja a tsaunukan Mubi, wanda ba ya jin Turanci, da wane harshe za a amsa masa zancen taki ko cutar dabbobi? Na biyu, yaya za a horar da ma'aikata su iya karatun ajami? Na uku, ta wace hanya wayar hannu za ta kai amsa ƙauyen da ba laburare?

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma fa sai in ya sami mai ba shi amsa.