Kashi na 14: Kafin ka yarda da lamba, kalli ɗigo-ɗigon

Yau hirar tamu ta masu wasa da alƙaluma ce a manhajar R, musamman ku da kuke shekarar ƙarshe a jami'a, furojet ya sako ku gaba.

Ga matsalar. Kana da tebur mai ginshiƙai huɗu ko biyar, duk lambobi, kana so ka san wanne ke tafiya da wanne. Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu sa kwamfuta ta lissafo mana ma'aunin alaƙa, wato lambar nan da ke tsakanin -1 da 1, mu kwafe ta zuwa babi na huɗu, shi ke nan. To wannan lambar tana iya yaudararka, kuma zan nuna maka yadda.

A cikin R akwai wasu bayanai da suka zo tare da manhajar, sunansu iris. Furanni ne guda 150, nau'i uku, kowane nau'i 50: setosa, versicolor da virginica. Edgar Anderson ne ya auna su, Ronald Fisher kuma ya yi amfani da su a wata takarda a 1936. Kowane fure an auna masa abu huɗu da santimita: tsawo da faɗin ganyen furen na waje, sai tsawo da faɗin na ciki.

Ka rubuta wannan layin kawai:

pairs(iris[1:4])

Allo zai fito mai gida 16, huɗu a tsaye huɗu a kwance, kamar gidajen dara. Gidajen da suka ratsa tsakiya daga kusurwa zuwa kusurwa sunayen ma'aunan ne. Sauran kowane gida zane ne na ma'auni biyu, kowane ɗigo fure ɗaya. Kada yawan ya tsorata ka, haɗi shida ne kacal, na ƙasa maimaicin na sama ne da aka juya.

Fara da gidan tsawo da faɗin ganyen ciki. Ɗigon sun jeru suna hawa sama, alaƙarsu 0.96. Nan lamba da ido sun yarda da juna, babu gardama.

Yanzu koma gidan tsawo da faɗin ganyen waje, nan ne labarin yake. Lambar ta ce -0.12. Ɗalibi zai rubuta cewa kusan babu alaƙa, ko ma ya ce idan ganye ya ƙara tsawo sai ya ɗan tsuke. Amma ka duba zanen da kyau, za ka ga ɗigon sun rabu gida biyu, wani gungu ya ware kansa gefe guda. Sai ka ƙara launi:

pairs(iris[1:4], col = iris$Species)

Kai! Ashe gungun da ya ware setosa ne. Idan ka lissafa shi kaɗai, alaƙar ta kai 0.74. A versicolor 0.53, a virginica 0.46. Ka ji fa, a cikin kowane nau'i, ganye mai tsawo shi ne mai faɗi, amma da aka cakuɗa su sai lambar ta koma ƙasa da sifili. Dalili kuwa, ganyen setosa gajere ne mai faɗi, matsakaicinsa tsawo 5.0 faɗi 3.4, na virginica kuma tsawo 6.6 faɗi 3.0. Bambancin da ke tsakanin nau'ukan ne ya danne abin da ke faruwa a cikin kowannensu. Masana na kiran irin wannan da rikicin Simpson.

Yanzu ka cire furanni, ka sa marasa lafiya maza da mata a tebur ɗaya, ko gonakin rani da na damina. Kuskuren iri ɗaya ne, sai dai a can shawarar magani ko ta taki ce za ta karkace.

Ni a ganina duk malamin da ke duba furojet ya kamata ya nemi wannan allon kafin ya karanta teburin lambobi. Tun 1973 Francis Anscombe ya haɗa rukunin bayanai huɗu masu alaƙa ɗaya, kusan 0.82, amma zanensu ko kama ba su yi ba. Su ma suna cikin R, rubuta anscombe za ka gan su.

Allon yana da iyakarsa dai. Ginshiƙi 20 zai ba ka gida 400, ba abin da za ka gani sai ƙura, don haka zaɓi biyar ko shida da suka shafi tambayarka. Kuma biyu-biyu yake nunawa, ba ya ce maka wannan ne ya jawo wancan. 'Yan Python, ku ma ba a bar ku a baya ba, pairplot na seaborn na yin aikin nan, masu son ado a R kuma akwai ggpairs a GGally.

Aikin gida: ku gwada da mtcars, motoci 32 ne, ku sa launi bisa yawan silinda, ku turo mana hoton abin da ya fito muku. Sai mun haɗu a kashi na gaba, in Allah ya kai mu.