Zama Da 'Yan Uwa A Tsakar Rana Ba Lalaci Ba Ne: Jawabi Ga Matasan Magamar Jibiya

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzon Allah (SAW), Malam ya fara da tambayar samarin da suka taru a masallacin bakin tasha a Magamar Jibiya, wane ne a cikinsu ya san ko abokin aikinsa ya ɗora tukunya a gida jiya? Aka yi tsit. Ya ce to, a kan wannan shirun zai yi magana.

Malam ya ce ya san halin aikin bakin iyaka. Ɗan dako na sauke buhu tun hantsi, ɗan canji na ƙirga naira da sefa, ɗan acaɓa na kai-komo tsakanin Magama da Ɗan Isa, ɗan kamasho na kiran Maraɗi da Katsina. Kowa tsoronsa kada ya zauna wani ya ɗauke masa ciniki. Har ta kai mutum ya yi Azahar irin ta ƙoton kurciya, ya sallame ya zabura bai ba na kusa da shi hannu ba. In jiki ya gaza, maimakon hutu sai a haɗiyi ƙwaya a koma ɗaukar kaya.

Ya ce wannan ba tarbiyyar Musulunci ba ce. Ya kawo ƙissar Salmanul Farisi da Abu Darda (RA) da ke cikin Bukhari. Salman ya ziyarci ɗan uwansa, ya tarar ibada ta sa ya bar abinci da barci da kula da iyali. Sai ya ƙi cin abincin da aka kawo masa har sai sun ci tare, ya hana shi tsayuwar dare sai can ƙarshensa, ya tuna masa cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowanne yana da haƙƙi a kansa. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) sai ya gaskata Salman. Malam ya ce, idan nafila ba ta zama hujjar tauye haƙƙin jiki ba, ina ga neman kuɗi? Sannan a lura, da Salman bai je ya zauna ba, da bai ga halin da gidan ke ciki ba.

Haka kuma ya ambaci ruwayar Muslim daga Jabir ɗan Samura (RA), cewa sahabbai kan zauna bayan Asuba suna hirar abubuwan da suka faru a Jahiliyya suna dariya, Manzon Allah (SAW) yana murmushi. Ya ce waɗannan su ne mazajen Badar da Uhudu, amma ba su ɗauki zama da juna ɓata lokaci ba.

Daga nan Malam ya juyo kan abin da kowa a wurin ya gani da idonsa. A watan Agusta 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufewa har Maris 2024. Ya ce ga cinikin da ake tsoron a rasa na minti talatin, an wayi gari an rasa shi na shekaru da sa hannun mutum guda. A ranakun nan ba yawan buhun da mutum ya taɓa ɗauka ne ya cece shi ba, wanda ya saba cin tuwo da shi ne ya ranta masa kwanon gero. Saurayin da ba shi da wurin zama cikin mutanen kirki kuwa, shi ɓarayin daji ke fara nema ya zame masu ɗan rahoto, don ba wanda zai lura ya sauya.

Sai dai ya ja kunne cewa ba kowane zama yake nufi ba. Majalisar karta da gulma da kallon matan mutane, gara dako da ita.

Ya ce abin da yake kira gare shi mai sauƙi ne. In an sallame Azahar a zauna rabin awa a inuwa, a haɗa abinci a kwano ɗaya, a tambayi wanda ba a gani ba, a karanta hadisi ko da guda. Mai tsoron barin kaya ya yi koyi da Umar (RA), wanda ya yi karɓa-karɓa da maƙwabcinsa Ba'ansare wajen zuwa majalisin Manzo (SAW), wanda ya je ya kawo wa ɗan uwansa labari. Yau kai ka tsare rumfa, gobe shi ya tsare.

Malam ya rufe da cewa rabon mutum ba ya ƙetare iyaka don ya zauna gaisawa da ɗan uwansa. Ya roƙi Allah ya haɗa zukatan Musulmi, ya kawo aminci a Jibiya da kewaye. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.