Makunnin Kibiritu a Cikin Ganye



Zan fara da tambayar da ake ganin ta yara ce: yaya dawar da ke gona take sanin gari ya waye? Ba ta da ido, ba ta da ƙwaƙwalwa, amma da zarar hantsi ya taɓa ganyenta, cikin 'yan mintuna aikin haɗa sukari ya kankama. Wani babban ɓangare na amsar yana cikin sistiyin, ɗaya daga cikin amino asid ashirin da ake gina furotin da su.

Abin da ya ba shi muhimmanci shi ne ƙwayar kibiritu, wato farar wuta, da yake riƙe da ita a gefensa. Wannan kibiritu ba ya zama shiru. Idan sistiyin biyu suka kusanci juna, sai su ƙulla gada a tsakaninsu, furotin ya lanƙwashe, aikinsa ya tsaya ko ya sauya. A kwance gadar, ya koma yadda yake. Makunni ke nan, kamar na fitila.

A 1977 Bob Buchanan da abokin aikinsa Ricardo Wolosiuk, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, suka nuna wanda ke danna makunnin. Haske yana tura ilaktoron zuwa furotin ɗin feredoksin, daga nan zuwa wani ƙaramin furotin mai suna tayoredoksin, shi kuma ya bi enzayim ɗin da ke kama iskar kabon yana kwance musu gada. Abin da ya fi burge ni shi ne, wannan saƙon da ya tashi masu gina sukari shi ne ya kwantar da wani enzayim mai farfasa shi. Da ba don haka ba, da ganye ya yi ta gini yana rushewa lokaci guda. A dawa, gero, masara da rake kuwa, akwai enzayim mai sarrafa wani sinadari mai suna malet wanda ba ya farkawa sai ta wannan hanya.

Sistiyin kunne ne kuma. Haidurojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke miki da shi, tsiro da kansa yake yinsa idan fari ko cuta ta taɓa shi. Kaɗan daga cikinsa yana manna wa kibiritun oksijin ɗaya, ya zama saƙo. Idan ya yi yawa har oksijin ya kai uku, furotin ya lalace ke nan, ba gyara. Iskar naitirik oksaid ma a kan wannan kibiritu take sauka.

Sai ambaliya. A 2011 aka gano wasu furotin masu kunna ƙwayoyin halitta da ke ɗauke da sistiyin a bakinsu. Muddin akwai oksijin, ana yi masa lamba a rushe su. Ruwa ya shanye gona, oksijin ya yanke, sai su tsira su umarci tsiron ya koma rayuwar ƙarancin iska. Manoman shinkafa a fadama, wannan zancenku ne.

Akasarin wannan bincike an yi shi ne a kan Arabidopsis, wata 'yar ciyawa da ba a ci. Ɗalibai, gero da dawa suna bayan ɗakunan gwajinmu, suna jure zafin da wannan ciyawa ba za ta iya ba. Ku je ku duba sistiyin ɗinsu.